Kilo Uku na Dalma

Ranar Litinin da safe manajan otal ya dawo da labulayen. Guda shida ne, dogaye, na ɗakin taro. Ya jibge su a kan teburin yanka, ya ce da an kunna fanka sai su kama tashi kamar shanya, jiya har ɗaya ya lulluɓe mai jawabi.

Auta ta kama bakin ɗaya ta murza kalmasar tsakanin yatsunta. Babu komai a ciki. Labule mai wannan tsawo, siririyar sarƙar dalma ake zura masa a ƙasa don ya tsaya ƙyam, rabin kilo kowane ɗaya. Ta duba na biyu, ta duba har na shida. Duk wayam.

"Laifinmu ne," ta ce. "Ka aiko ranar Juma'a a ɗauka."

Kalmasa aikin Yaya ne. Shekara ashirin da shida suna wannan shago tare, Auta a kan awo da yanka, Yaya a kan keke, kuma ba ta taɓa manta dalma ba. Amma wata biyu ke nan da aka fara yi wa Yaya ƙarin maganin ciwon daji, sau ɗaya duk mako uku, kuma Auta ta saba ɗora wa maganin duk abin da ya lalace. Ta buɗe gwangwanin da suka ajiye sarƙa shidan da suka saya don wannan aiki. Shi ma wayam.

Tara ta ɗan wuce Yaya ta shigo, ta zauna a gaban kekenta tana mai da numfashi. Auta ta ture labulayen gefe, ta buɗe burodinta da ƙwai, ta zuba shayi. Yaya ta bi burodin da ido tun daga takarda har baki.

"Ƙamshin nan zai riga ciwon kashe ni," ta ce.

"Ga rabi."

"Ƙarfe nawa?"

"Tara da kwata."

"To kin ji."

Dokar ta Farfesa ce, ɗan Yaya tilo. Ba farfesan komai ba ne, injinan ɗab'i yake gyarawa a wata ƙasa mai nisa. Tun yana ɗan shekara bakwai aka laƙaba masa sunan don ba a tambayarsa lokaci bai yi bayanin agogo ba. Da aka gano ciwon, sai ya karanta cewa ƙwayoyin cutar ba sa jure yunwa kamar lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Ya aiko da tsari: sa'a goma sha shida ba ci sai ruwa, sa'a takwas a ci, daga sha biyun rana zuwa takwas. Ya sa aka saita wa uwarsa ƙararrawa a waya.

Abin da bai sani ba, cikin Yaya da safe kawai yake karɓar abinci. Kafin ƙararrawar ta kaɗa tashin zuciya ya riga ya zo ya zauna. Sai ta yi loma uku ta rufe kwano, da yamma ta ce masa a waya ta ci sosai.

Auta ta je ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa. A nan Yaya take rataye shuɗiyar rigar da ta ɗinka musamman don zuwa asibiti, mai faɗin hannu saboda allura. Kafaɗar Auta ta goge ta, rigar ta zame daga ƙusa ta faɗi ƙasa tim, kamar an yar da jakar guduma. Ƙusar ma ta lanƙwashe.

Ta ɗaga ta da hannu biyu. Ta murza kalmasar. Layi uku na sarƙa a ƙasa, sauran a kugu cikin wata ɗamara da aka yi wa shafi da auduga don kada ta yi ƙara. Ɗinkin tsaf, ba zare ɗaya a waje.

Ta kai rigar ta ɗora a kan keken.

"Ga labulen otal," ta ce.

Yaya ba ta razana ba. Ta janye allurar keken sama don kada ta kama yadin.

"Ranar Laraba zan mayar musu da abinsu."

"Tun yaushe?"

"Wancan zuwan na sa biyu. Yanzu biyu ba sa isa."

"Yaya, kilo uku ne."

"Na san nauyin dalma, ni nake sa ta." Ta gyara ɗankwalinta. "Kin ji abin da Sista ta ce a asibiti. In na yi ƙasa da kilo hamsin da biyar, likita zai dakatar da maganin. Shida za a yi, an yi uku. Ba zan tsaya a tsakiyar hanya don wani sikeli ba."

"To ki ci abinci mana."

"Ina ci."

"Kina yi wa kwano gaisuwa dai."

Yaya ta yi ɗan murmushi, ta daina. Ta ce, "Ke ba ki gane ba. A can, su ke ɗaga hannuna, su ke soka, su ke cewa kwanta, tashi, dawo ranar kaza. Wannan kaɗai ne nake yi da kaina. Kuma yaron nan, farko in ya kira ba ya iya haɗa kalma biyu sai kuka. Yanzu tambayarsa ɗaya: Mama, sa'a nawa yau? In ce sha shida. Ya ce madalla. Kina so in karɓe masa wannan?"

Auta ta mayar da rigar, ta nemo wata ƙusa mai ƙwari.

Da la'asar Farfesa ya kira, Yaya tana bayi, Auta ta ɗauka.

"Anti, ya jikin nata? Tana bin lokacin?"

"Fiye da yadda kake zato."

"Madalla. Akwai sabon binciken da na gani, an gwada azumin a ɓeraye, ƙarin da ke jikinsu ya ragu da kusan..."

"Farfesa, ɓerayen nan, akwai wanda yake taka keken ɗinki a cikinsu?"

Ya yi dariya, ya ce Anti ba ta canjawa. Ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta ji Yaya ta buɗe ƙofar bayi. Ta miƙa mata wayar.

Haka ta yi shiru Litinin, ta yi shiru Talata. A lissafinta, sikelin ƙofa ce kawai: in ka kai, a buɗe maka, in ba ka kai ba, ka koma gida. Wa aka cuta in mace ta ɗan taimaki kanta ta wuce ƙofa?

Laraba da hantsi suna ɗakin jira, kujerun roba a jere, talabijin a sama ba murya. Yaya ta zauna a miƙe don kada ɗamarar ta danne mata ciki. Sista ta leƙo da fayil, mace gajera mai tabarau a goshi.

"Masu labule, ku taso. Har yanzu ina jiran na falona."

"Ki kawo awo," in ji Yaya. "Kullum baki."

Ta cire takalmi ta hau sikelin. Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Hamsin da biyar da ɗigo huɗu.

"Kin tsallake da ƙyar," Sista ta ce, tana rubutawa a wata 'yar takarda ruwan ɗorawa. Ta yage ta, ta nufi ƙaramar tagar da ke bango. "Bari in miƙa wa mai haɗa magani, ya fara."

Sau uku Auta tana rako ta, ba ta taɓa lura da inda takardar take zuwa ba.

"Sista," ta ce, "me zai yi da nauyinta?"

"Da shi zai auna maganin mana. Nauyi da tsawo. Ba ludayi ɗaya ake ɗebar wa kowa ba." Ta sauke tabarau kan hanci. "Ku in taga kamu biyu ce, kuna yanka mata na kamu uku? To wannan ya fi yadi. In ya yi yawa, jiki ne ke biya."

Auta ta tuna wancan zuwan. Kwana biyar Yaya ba ta iya ɗaga kai ba, bakinta duk ya yi gyambo. Kilo ɗaya ne ya jawo, ko dama haka zai kasance? Ba ta sani ba. Ta dubi Yaya. Yaya tana tsaye a gefen sikelin, ta ji komai, ta kafe idonta a kan wata takardar wanke hannu da ke manne a bango.

"Yaya."

"Miƙo mini takalmina."

"Yaya, kin ji ta."

"Na ce ki miƙo takalmin."

Sista ta riga ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa tagar. Auta ta ce, "Ɗan dakata." Ta buɗe jakarta ta ciro ƙaramin almakashin da ba ta rabuwa da shi, ta durƙusa a gaban yayarta kamar za ta ɗauki awon siket. Ta kama kalmasar. Yaya ta ja ƙafa baya, amma bango ne a bayanta. Zare uku Auta ta tsinka, ta kamo kan sarƙar ta ja. Ta yi ta fitowa, tana taruwa a kan tayil da ƙaramar ƙara.

Wani tsoho da ke jiran layi ya miƙo wuya. Sista ta ja labulen ɗakin, wani siriri mai tashi da iska.

"Saura," in ji Auta.

Yaya ta sa hannu ta ƙarƙashin rigar ta kwance ɗamarar da kanta, ta sake ta ta faɗi.

Sista ta ɗaga ɗamarar, ta juya ta, ta duba ɗinkin. "Na ga mai duwatsu a aljihu, na ga mai shan ruwa lita biyu. Wannan dai aikin gwani ne. Hau."

Hamsin da biyu da ɗigo uku.

Likita bai ɗaga murya ba. Ya tambayi me take ci, da wane lokaci. Yaya ta ƙi magana, Auta ta faɗa. Ya ajiye biro.

"Ɗanki bai ƙirƙira ba, ana binciken," ya ce. "Yawanci a ɓeraye. An gwada a mutane kaɗan, waɗanda aka zaɓa, ana sa musu ido kullum, kuma mai ramewa irinki ba a sa ta ciki. Ko yana taimakawa, ba a gama sani ba. Abin da na sani, kin zubar da kusan kilo tara, kuma maganin nan yana bukatar jikin da zai zauna a ciki. Yau babu. Ki dawo Laraba mai zuwa. Ki ci duk lokacin da cikin ya yarda, ko da asuba ne. In kin daina sauka, mu sake awo mu ci gaba."

"In ban daina ba fa?"

"Sai mu sake zama."

A motar haya Yaya ta zauna jikin taga, rigar ta yi mata yawa, bakin rigar a farke yana jan ƙasa. Auta ta rungume jakar sarƙar a cinya.

Washegari Auta ta zo buɗe shago ta tarar an riga ta. Yaya ta shimfiɗa labulen farko a kan tebur, ta farke bakin kalmasar, tana zura sarƙa da ƙaramin fil. Ba ta amsa gaisuwa ba. Auta ta zuba shayi, ta buɗe burodinta da ƙwai, ta raba biyu, ta ajiye rabi a gefen keken, ta koma kan yanka.

Almakashi yana tafiya, fil yana tafiya. Can ta ji ƙarar takarda.

"Gishiri ya yi yawa," in ji Yaya da abinci a baki.

"Gobe ki soya da kanki."

"A gaban mutane, Auta. Kamar ɓarauniya."

"Dalmar otal ce. Me ake ce wa wanda ya ɗauka?"

Yaya ta cinye, ta tsince ɓurɓushin da ke kan takardar da yatsa. Ta zauna shiru tana sauraron cikinta, ya karɓa. Ta jawo labule na biyu.

Sha biyu daidai wayar ta kama ƙara a kan teburin. Yaya ta dube ta har ta kusa gajiya, sannan ta tura wa Auta.

"Ni ban san yadda ake kashe abin nan ba. Farfesa ne ya sa aka saita."

Auta ta kashe, ta goge ƙararrawar gaba ɗaya.

"Da yamma zai kira," in ji Yaya. "Zai tambayi sa'a nawa."

"In gaya masa?"

"A'a. Ɗana ne." Ta lashi zare ta nufi kafar allura, ta kuskure, ta sake. "Zan ce masa daga yau kilo zai riƙa tambaya. Yana son lamba, sai a ba shi wata."

Ta sami kafar a karo na uku. Saura labule huɗu, kuma otal zai aiko gobe.