Filin da Garma Ba Ta Taɓa Shiga Ba

Shekarar da gwamnati ta fara biyan manoman jihar Kansas ta Amurka su bar noma su shuka ciyawa, don iska ta daina kwashe ƙasa, ni ne na biyu a layi. Gonata da hannuna na kashe ta, alkama kan alkama, har ta koma kamar toka. Aka yanka min dala arba'in da biyar kowace eka duk shekara, har shekara goma. Na karɓa ko kunya babu.

Kawu Elwood, wan mahaifiyata, yana da eka ɗari da sittin da garma ba ta taɓa shiga ba tun zamanin kakansa. Ciwon gwiwa ya hana shi bin shanu, ya sayar da su. In filin bai kawo komai ba, sai dai ya rabu da gidan ya koma ɗakin baya na gidan 'yarsa a birnin Wichita, shi da ko kasuwa ba ya son zuwa. Ni na kai shi ofishin gwamnatin da aka rubuta tawa gonar.

"Elwood, shekara nawa ka noma shi?" in ji Darlene mai cika takardu.

"Noma? Ko ubana bai yi wannan haukan ba."

"To, ai nan gizo ke saƙar. Sai ƙasar da aka noma ake karɓa."

Ya nuna ni da hularsa. "Wato wannan malalacin ku biya shi ya shuka ciyawa, ni da Allah ya shuka min tawa ku ce in tafi gida?"

"Kawu, ina jin ka fa."

"Don ka ji na faɗa."

Darlene ta yi ƙasa da murya. "Ni ma takarda nake bi. In filin ya ɗauki alkama 'yan shekaru, wataƙila nan gaba ya shiga."

Muka koma mota. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan zaga, tunda takardar tawa tana aljihuna.

Kawu ya yi lissafinsa har sanyi ya wuce. Ran nan da safe sai ga shi a ƙofata, ko kofi ya ƙi zama ya sha.

"Arlo, garmarka lafiya take?"

"Ɗauka mana, Kawu."

"Ba aro na zo ba. Kai za ka ja ta da taraktarka. Ai ka saba."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na ce ya ƙara tunani. Ya ce tunanin ne ya hana shi cin abinci wata uku.

Da garmar ta shiga filinsa, sai na ji saiwoyi suna tsinkewa fat-fat-fat, ƙarar har ta fi ta inji. Ban taɓa jin haka a gonata ba. Ƙasar ta fito baƙa wuluk, da danshinta.

Na ce ya koma gida, ya ƙi. Ya shiga gaban tarakta yana ɗingishi, yana kaɗa hula cikin ciyawa, yana tayar da tsuntsayen da ke kwance kan ƙwai. Dole na riƙa tafiya daidai da gwiwoyinsa.

Da azahar na kashe inji, na ce, "Kawu, a haka sai mu kwana goma ba mu gama ba."

Ya share fuska da hannun riga.

"To sai me? Sauri kake?"