Jimla Biyar, da Suna a Sama

Mu goma sha uku ne a ajin Turanci na manya da ke bayan kasuwar kifi a garin Zonguldak na ƙasar Turkiyya, kuma tun ranar farko malaminmu, Ferit Hoja, ya gaya mana ƙa'ida: idan muka gaza sha biyu, za a rufe ajin. Ni na fi kowa riƙe wannan magana. Sai da na shekara arba'in na koyi karatun harshena, yanzu ina da sittin da uku. Jikata Defne tana Ingila, shekararta biyar, ba ta jin Turkanci sai gaisuwa. In aka ba ta waya, kallon juna muke yi muna murmushi har uwarta ta karɓa.

Wata Talata bayan la'asar Hoja ya rubuta kalma ɗaya a allo: govern.

"Riƙon ƙasa ne ko gari," in ji shi, "a tafiyar da al'amuran jama'a bisa doka. Sarautar gado tana da tata kalmar daban. Aikin gida, jimla biyar da kalmar nan. Kowa ya sa sunansa a sama."

Bai jira mun gama kwafa ba ya goge allon.

Da muka fita shan shayi, Sabri, da muke kira Usta, wato gwanin aiki, wanda ya yi shekara talatin a ramin kwal, ya sha kofi ɗaya ya kifa cokali a bakin kofin, alamar ya isa. Mutumin da kan sha huɗu.

"Melahat abla," ya ce mini, wato yaya Melahat, "kin ga abin da na gani?"

"Na ga allo da alli."

"Jimla biyar a kan masu mulki, da rubutun hannunka, da sunanka a sama! Shekarar da soja suka karɓi ƙasa, layi biyu kacal na rubuta a takardar ƙungiyar ma'aikata. Wata goma sha ɗaya na yi a ɗaure."

Nurten mai ɗinki ta kwashe da dariya. "Haba Usta, wa zai ɓata lokacinsa a kanka? Kai da har yau ranakun mako ke ba ka kashi!"

"Yi dariyarki. Ɗanki ba aikin gwamnati yake nema ba?"

Nurten ta mayar da sukarin da ta ɗauka. Sabri ya matso, ya rage murya. Wa ya san uban malamin nan? Me yake rubutawa a ƙaramin baƙin littafinsa duk sanda wani ya buɗe baki? Wace mota ce mai ruwan toka take jiransa a kwana, ba ta taɓa tsayawa a ƙofa?

Littafin nan kam ni ma na daɗe da lura da shi. A gida na rubuta jimlolina biyar, na karanta, na yaga. Na sake rubutawa a kan sarakunan da suka mutu tun da daɗewa, na ga ko wannan ana iya juya shi.

Ranar Alhamis ba Sabri, ba Nurten. Hoja ya ƙirga mu sau biyu.

"Sha ɗaya. In Talata ma haka ne, dole in sanar da ofis."

Da aka tashi na tsaya neman lemata, alhali tana ƙarƙashin kujerata. Na iya jira. Mutum in ka yi shiru kusa da shi, yakan gaji ya yi magana. Hoja ya leƙa waje, ya tura ƙofa.

"Melahat teyze," ya ce, wato inna Melahat, "don Allah ki gaya mini gaskiya. Sabri Usta wa yake yi wa aiki?"

"Kamar yaya?"

"Kullum a baya yake zama, kusa da ƙofa. Ba ya rubutu, sai kallona. Sau uku yana tambayata sunan mahaifina. Ran nan da idona na gan shi yana kwafar lambar motar surukina a kwalin sigari." Ya zauna a bakin teburi. "A makarantar da na baro, jimla ɗaya na bayar ta misali, wani uba ya kai ƙara. Wata shida ina amsa tambayoyi. Shafin kalmar nan ta mulki sau biyu ina tsallake shi, amma yana cikin jarrabawa."

"Baƙin littafin fa?"

Ya buɗe mini shafi ɗaya. Ga sunana, a gabansa kalmomin da harshena ke karyawa. Shafi ɗaya ya nuna mini, ya rufe. Na ga alamar tsoron Sabri yake ji, amma na san nuna tsoro ma ana koyonsa.

Washegari na je gidan shayin da maza ke buga tawula, wani wasa mai kama da dara. Mace ba ta shiga, sai na tsaya a bakin ƙofa har wasan ya tsaya don kunya, Sabri ya fito yana gyara hula. Na ba shi labari duka.

"Tsorona yake ji? Ni?" Ya yi tsaki. "Haka ake koya musu su ce, abla."

"Wataƙila."

"To?"

"Ni ban zo in ce ka yarda da shi ba, ni kaina ban gama yarda ba. Kujera nake so ka cika. Jikata za ta girma ba ta taɓa jin na ce mata komai ba. Me zai sa ka dawo?"

Ya kalli jiragen da ke tashar ruwa.

"Ba suna," ya ce. "Kuma ba takardar da za ta fita daga ɗakin."

Ranar Talata ya zo, ya zauna a wurinsa na baya da kwat ɗinsa a jiki. Nurten ba ta zo ba, ta aiko cewa ciwon baya ne. Ni na miƙe na faɗi sharaɗin, ni da ban taɓa ɗaga hannu a ajin ba: kowa ya karanta nasa da baki, Hoja ya gyara da baki, sannan takarda ta shiga murhun kwal da ke ɗumama ɗakin.

Hoja ya amince tun ban rufe baki ba. Saurin nan ya sa Sabri ya ƙanƙance ido.

"Da shafin yau na baƙin littafi," in ji shi.

"Na yarda, Usta. Da kwalin sigarinka."

Hoja ya yage shafin. Sabri ya ciro kwalin, ya zazzage sigarin a aljihu ɗaya bayan ɗaya, ya tako har gaban murhu. Kowannensu ya jira ɗan'uwansa ya fara sakin nasa. A ƙarshe tare suka jefa.

Aka fara karatu. Jimlar Sabri ɗaya ce tak, da ƙyar ya haɗa ta, wai matarsa ce ke riƙe da gidansu shekara arba'in ba tare da zaɓe ba. Hoja ya gyara masa kalma biyu, bai yi dariya ba sai da ya ga wasu sun yi. Ni na karanta nawa biyar, na ninke takardar, na sa a wuta ina kallon rubutun da na yi kwana uku a kansa yana naɗewa.

Hoja ya rubuta sha biyu a rajista, ya juyo da ita yadda na baya zai gani. Sabri ya taso ya duba da kansa.

A motar komawa gida ba ni da abin dubawa, sai na yi ta maimaita jimlolin a raina don kada su zube. Kafin mu kai unguwarmu jimla biyu sun ɓace mini. Matar da ke kusa da ni ta ga leɓena yana motsi, ta ɗauka addu'a nake, ta ce Allah ya karɓa.