Sifirin Bindigar Tsoho

Shekarar da idon Tsoho ya rufe, ɗansa Nagoggo ya gaji gadin gonar riɗin da ke kudu da Ƙala'at an-Nahal, ya gaji bindigar da ke tafe da gadin. Tsohuwa ce mai baki ɗaya, katakonta ya yi baƙi da gumin hannu. Tsoho ya ƙi komawa gari. Ya zauna a kambo, sansanin ma'aikata, ƙarƙashin rumfar kara, yana sauraren motsin mutane.

Ana tsaka da yankan riɗi labari ya zo cewa mahaukacin kare na yawo a gonakin yankin. Ya ciji jakin maƙwabta, jakin ya mutu yana cizon ƙafarsa. Tsoho ya ce a kwance bindiga a wanke.

Yana da ƙa'idarsa. A shimfiɗa rawani, a jera kayan ciki daga dama zuwa hagu yadda suka fito, a goge su da man tarakta, a mayar daga hagu zuwa dama. Ba a yi wa mai haɗawa magana. Nagoggo ya bi duk wannan. Amma da ya zo kan ɗan sifirin da ke tura ƙusa ta bugi harsashi, sai ya karye masa a hannu. Tsatsa ta daɗe tana cin sa.

Tsoho ya lalubi guntayen, ya ce ko a Gadarif ba za a samu ba, sai Gallabat, wajen wani maƙeri da ke tara kayan tsofaffin bindigogi. Nagoggo ba shi da halin tafiya. Riɗi ba ya jira, in ya bushe sai ya fashe ya zube, kuma wakilin mai gona ba zai saki mai gadi ba ga tarin riɗi tsaye a fili. Sai ya je wurin Arzika direban tarakta, mai gwangwani cike da tarkacen ƙarfe. Arzika ya zazzage, ya zaɓo wani sifirin mai tsawon wancan, yana dariya.

"Ya zol, ɗan'uwa, ƙarfe ƙarfe ne. Wannan ya yi aiki a injin da ya fi gidanku nauyi, balle bindigar kakanka."

Ya shiga daidai. Nagoggo ya haɗa, ya ɗana ba harsashi, ya ja kunama. Ta ce ƙas.

Tsoho ya karkato kunne. "Sake."

Ya sake.

"Ba muryarta ba ce."

"Baba, mai ne bai bushe ba."

Tsoho ya ce to a gwada harsashi ɗaya a sama. Harsasan kaɗan suka rage. Nagoggo ya ce gobe, goben kuma bai yi ba.

Karen ya zo da hantsi, mutane duk suna gona. Nagoggo ya hango shi daga bakin kambo, wutsiya a ƙasa, yawu na zuba, ya miƙi hanyar rumfa. Ya saita ya ja. Ƙas. Ya sake ɗanawa. Ƙas. Tsoho ya ji, ya gane, ya fara laluben sandarsa. Kafin Nagoggo ya iso karen ya kama Tsoho a hannu da gefen wuya. Da gindin bindigar Nagoggo ya kashe karen. Da ya zare harsashin, ya ga ƙusar ta taɓa shi, ɗan lotsi kamar na farce.

Ranar ruwan ƙarshen damina ya sauka, baƙar ƙasa ta zama laka, mota ba ta motsi. Sai da hanya ta sha iska Arzika ya ja su da tarakta zuwa titi. A Gadarif likita ya yi allura, ya dubi wuyan, ya ce sun makara.

Tsoho bai taɓa tayar da zancen ba. Da ya zagi Nagoggo da ya fi masa sauƙi. Rauni ya warke a gidan Dije, yayar Nagoggo, har aka fara cewa an tsira. Wata rana Dije ta miƙa wa Tsoho ruwa, ya kawar da kai, maƙogwaronsa na shaƙewa. Nagoggo ya fita ya hau lorin Gallabat.

Maƙerin ya zaro sifirin daga wata kwalba. Bai kai gaɓar yatsa ba. Nagoggo ya matsa shi, ya ji taurin da na Arzika ba shi da shi.

Ya dawo ya tarar an ɗaure hannuwan Tsoho da zane a jikin gado. Ya lafa, numfashi kawai yake ja. Nagoggo ya warware rawani a ƙasa, ya kwance bindiga, ya jera daga dama zuwa hagu. Dije ta buɗe baki za ta ce wannan ba lokacinsa ba ne.

"Dije," in ji Tsoho, murya a dishe, "ba a yi masa magana."

Nagoggo ya mayar da komai, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗana, ya matso da ita kusa da kunnen uban, ya ja kunama.



"Ita ce," in ji Tsoho.

Bai kai la'asar ba. Bayan an dawo daga maƙabarta Nagoggo ya ninke rawanin, ya rataya bindigar, ya koma kambo. An riga an gama kakkaɓe riɗi, ba abin da ya rage a yi gadinsa sai kara.