Baban Cikin Waya

Mijina Seabata haƙar zinariya yake yi a garin Welkom, can ƙetaren iyaka, mu kuma muna nan kan duwatsun Lesotho da tumaki. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, bara ma aiki ya hana shi. Ni ce uwa, ni ce uba, ni ce mai ɗinke rufin ɗaki in iska ta yaye shi.

'Yarmu Nthati, mai shekara huɗu, a waya ta san ubanta. Duk Lahadi mukan hau tudun bayan gari, inda waya ke kamawa, su sha hira.

Da ya iso a Disamba ya buɗe hannu zai ɗauke ta, sai ta shige cikin bargon da na lulluɓa da shi.

"Mama, wane ne wannan mai gemun?"

"Babanki ne mana."

"Ƙarya ne. Babana yana cikin waya."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi, amma ta yaƙe. Alewa ya ba ta, ta karɓa ta ce, "Na gode, baƙo." Ya aske gemun, ta ce yanzu ya fi muni. Kwana goma ana haka, saura uku ya koma rami, ko sau ɗaya ba ta ce masa Baba ba. Ƙaton da ke fasa dutse ya fara barin tuwon masara a kwano. Nan tausayinsa ya kama ni.

"Baban Nthati, tashi ka riga mu hawa tudu, ka ɓuya bayan dutse ka kira."

Muna isa waya ta yi ƙara. Nthati ta fizge.

"Baba! Akwai wani mutum a gidanmu. Ya zauna a kujerarka, yana cinye mana nama, ga minshari kamar tarakta. Ka zo ka kore shi!"

"Ga ni nan zuwa, 'yata," in ji shi.

Ya fito daga bayan dutsen, waya a kunne, yana ci gaba da magana. Ta dubi bakinsa, ta dubi wayar, ta dube shi daga sama har ƙasa. Ba ta sauke wayar ba, a ciki ta yi masa magana a hankali.

"Baba, ashe kana da ƙafa? To me ya hana ka zuwa?"