Yadda Injiniya Ya Kashe Jan Rubutu

Shekara shida na yi ina ɗaukar hoton kundayen digiri shafi-shafi, ina zuba su a rumbun kwamfuta na laburaren jami'armu. Kundi dubu huɗu da ɗoriya. Na takarda kuwa tuni yoyon rufi da gara suka gama da su, don haka abin da ke cikin rumbun nan da tsohon kwafinsa su kaɗai suka rage mana.

Sai shugaban laburare, wanda muke kira Oga, ya dawo daga wani taro da labarin wai manhajar rumbun ta tsufa, dole a sabunta ta. Ya kawo wani mai kwat da wayoyi uku, wai shi Injiniya. Tun da na ga yana lalube bayan na'urar yana neman maɓallin kunnawa na san mun shiga uku.

"Ka ajiye kwafi tukuna?" na tambaye shi.

"Malama, wannan ba jera littafi a kanta ba ne," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Ranar farko allon ya cika da jan rubutu, kowane layi na ambaton lambar kundin da ya ƙi shiga sabuwar manhajar. Injiniya ya yi gumi, ya tuɓe kwat, ya ɗora laifi kan wuta, kan intanet, har kan wanda ya kafa rumbun. Rana ta biyu jan rubutun ya ragu. Ta uku ya ɓace ƙaf. Har na fara jin kunyar rainin da na yi masa.

Oga ya tara mu a ɗakin karatu. Injiniya ya danna, shafin ya buɗe nan take.

"Kun ga sauri?" in ji Oga, baki har kunne.

Ni ƙasan allon nake kallo, inda ake nuna adadin kundaye. Ɗari biyu da sha ɗaya.

"Ina sauran?" na ce.

"Ai su ne masu kawo matsalar," in ji Injiniya. "Duk wanda ya ba da ja, sai in goge shi. Yanzu ba kuskure ko ɗaya."

"Kwafin fa?"

"Na yi mana, yau da safe. Na goge tsohon da na tarar, na ɗora shi a madadinsa, kada su cinye wuri."

Na dubi Oga, ina jiran ya ce wani abu. Ya gyara tabarau, ya sa hannu a takardar shaidar kammala aiki, ya miƙo mini.

"Malama, ki ɗauki hoton wannan ki zuba a rumbun," ya ce. "Ki sa shi a shafin farko."