Dutsen Magana

Kujerun da aka jera a zagaye duk iri ɗaya ne, farare, na roba, don kada wani ya fi wani. Ta Farfesa ce kawai aka ɗora wa matashi.

Auta ta zauna da hannunta na dama a kan cinya, kamar wani abu da aka ba ta ajiya. An daɗe da kwance bandejin, amma yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa. Kusa da ita mahaifinta ne, tela, ya ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran a ce masa wurin na wani ne. Daura da su Gwamna, shugaban ajinsu, wanda ya samo sunan tun shekarar farko saboda ba ya tafiya sai da mutane a bayansa. Ya zo da kawunsa, lauya, mutumin da turarensa ya riga shi shiga ɗakin.

Malama mai sulhu ta ɗaga wani dutse mai santsi, daidai cikin tafin hannu, ta bayyana dokar zaman. Wanda ke riƙe da dutsen shi kaɗai ke magana. Ba a katse shi, ba a karɓe masa, sai ya miƙa da kansa. Ta ce a ɗakin nan babu babba babu yaro. Farfesa, shugaban harkokin ɗalibai, ya gyara zama a kan matashinsa, ya gyaɗa kai.

* * *

Jami'ar ta buɗe ofishin sulhu ne da kyakkyawar niyya, kamar yadda ake buɗe yawancin abubuwa. A da, in ɗalibi ya mari ɗalibi sai kwamiti ya kore shi, wanda aka mara ya tafi da kumatunsa ba wanda ya tambaye shi yaya jiki. Yanzu sai a zauna, mai laifi ya dubi wanda ya cuta ya faɗi abin da ya yi, a tambayi wanda aka cuta me zai gyara masa. Malama ta yi imani da abin, don ta sha ganin 'yan ɗaki ɗaya da ba sa ga-maciji sun fita suna tsokanar juna. Sai dai manya sun hango wani amfani da ita ba ta hango ba: abin da aka sulhunta ba ya shiga tarihin ɗalibi, ba ya shiga rahoton shekara, ba ya kai wa kunnen 'yan jarida.

Maganar Auta kuwa ba doguwa ba ce. Aikin rukuni aka ba su a ɗakin gwaje-gwaje. Gwamna bai leƙo ba har aka gama, ranar miƙawa ya zo ya ce a sa sunansa. Ta ce ba za ta sa ba. Ya tambaye ta ko ta san da wa take magana, ta ce ta sani, shi ya sa. Ya ture ta da hannu biyu, ta faɗa kan teburin kwalabe. Tana faɗuwa ta cafki wuyan rigarsa, rigar ta yage. Gilashi ya yanke mata jijiya a tafin hannu, shi kuwa ya yi asarar riga. Wannan yagewar ce ta mayar da abin faɗa tsakanin ɗalibai biyu.

Farfesa ya kira ta ofis kafin zaman, ya yi mata bayani cikin murya irin ta uba. In sulhu ya yiwu, kowa ya koma aji. In bai yiwu ba, magana ta tafi kwamitin ladabtarwa, kuma doka ta ce a dakatar da duka biyun har kwamiti ya zauna. Kwamiti ba zai zauna ba sai bayan jarrabawa. Ita kuma shekararta ce ta ƙarshe. Ya ƙara da cewa ba wanda zai tilasta mata, zaɓi nata ne.

A motar haya da safiyar zaman Baba ya yi ta yi mata nasiha ƙasa-ƙasa. Ya ce ta ce ta yafe ko da a leɓe ne, Allah ya san zuciya. Ya ce shi ya tsufa yana ba mutane haƙuri a kan ɗinkin da bai ɓata ba, ga shi bai mutu ba. Auta ta dubi ƙeyar direba.

* * *

Dutsen ya fara zagaye. Da ya isa hannun Gwamna sai ya sunkuyar da kai yadda ya dace.

"Ina baƙin ciki da abin da ya faru. In ran 'yar'uwata ya ɓaci, ta yi haƙuri."

Kawun ya lumshe ido kamar malamin da ɗalibinsa ya kawo hadda ba tuntuɓe. Shi ma ya karɓa, ya yi dogon jawabi a kan ƙuruciya da zafin jini, da yadda su ma a zamaninsu suka yi ta dambe a aji, yau ga shi suna halartar bikin 'ya'yan juna. Farfesa ya ce a ganinsa kowane ɓangare yana da nasa kason.

Sai Baba. Ya riƙe dutsen da hannu biyu kamar ƙwai. Ya gode wa Farfesa, ya gode wa lauya, ya gode wa jami'a da ta ɗauki 'yar talaka. Daga nan ya yi 'yar dariyar da yake yi wa mai kaya in ya zo da faɗa.

"Rigar yaron nan da ta yage, ranka ya daɗe, a kawo mini shago in ɗinke. Ba za a ga wurin ba."

Ran Auta ya ɓaci. Ba haushin mahaifinta ta ji ba. Ta ga yadda lauya ya yi murmushi ne, murmushin wanda aka miƙo masa abin da dama nasa ne. Ta karɓi dutsen da hagu, don dama ba ta riƙo.

"Malama, kin ce in faɗi abin da zai gyara mini. Abu ɗaya ne. Ya ce, ni na ture ta. Da bakinsa, a gaban Babana. In ya faɗa, wallahi na yafe, mu tashi."

Ta miƙe ta kai masa har wurin zamansa. Gwamna ya juya dutsen a hannu. Ta lura leɓensa ya motsa, har ta yi zaton zai faɗa, don ba dutse ba ne shi, yaro ne da aka saba share wa hanya. Sai ya saci kallon kawunsa. Kawun ya kaɗa yatsa a kan gwiwa.

"Ai na ce ina baƙin ciki da abin da ya faru."

Abin da ya faru. Kamar ruwan sama, kamar ɗaukewar wuta.

Aka shiga zagayen rufewa, inda kowa zai ce ya yafe a yi musabaha. Ta gilashin ƙofa ana hango mai hoton da aka kira don musabahar yana gyara kyamara. Dutsen ya dawo hannun Auta.

"Kasona a laifin shi ne na kama rigarsa don kada kaina ya bugi siminti. Na faɗi nawa. Ina jiran nasa. In ya shirya ya ɗaga hannu, sai in ba shi."

Ta ɗora dutsen a cinya ta rufe shi da tafinta. Ɗakin ya yi tsit, ban da fanka. Lauya ya dubi agogo. Farfesa ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya ce, "Yarinya, ba yini muka zo yi a nan ba."

"Ranka ya daɗe, dutsen yana hannunta," in ji Malama.

"Ni na ba ki ofishin nan, Malama, har da dutsen."

"Haka ne, ranka ya daɗe." Malama ta dube shi. "Amma yana hannunta."

Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Auta, don girman Allah. Shekararki."

Auta ta juyo gare shi. Ta ɗaga hannun dama ta ɗora a kan gwiwarsa, ta buɗe tafin. Tun da aka kwance bandejin yake kawar da kai in za ta ci abinci. Yau ya duba. Ya daɗe yana kallon ɗinkin likita, ya bi layin da babban yatsansa, kamar yadda yake duba aikin wani telan.

Gwamna bai ɗaga hannu ba. Lauya ya miƙe ya ce yana da shari'a. Farfesa ya ce a rubuta sulhu ya gagara saboda taurin kan ɗaliba. Malama ta ce za ta rubuta ya gagara ne saboda ɓangare ɗaya ya ƙi faɗin abin da ya aikata, in ya so a canza a sama. A bakin ƙofa Baba ya tsaya, ya gyara hularsa, ya dubi lauya ido cikin ido.

"Maganar rigar nan, ranka ya daɗe, a kai wa wani telan."

* * *

An dakatar da su duka biyun, kamar yadda doka ta ce. Daga baya aka gano dokar tana da wata ƙaramar ƙofa ta baya ga wanda ya ɗaukaka ƙara a kan lokaci, kuma lauyoyi ba sa makara. Gwamna ya sami izinin zama jarrabawa kafin kwamiti. Malama kuwa an mayar da ita sashen kula da ɗakunan kwana, inda take sasanta rigimar guga da igiyar shanya.

Safiyar da aka fara jarrabawa Auta tana shagon Baba, a kan benci, littattafanta a gefe. Ya zuba mata allurai a faranti, don likita ya ce ta riƙa tsintar ƙananan abubuwa ko yatsun za su tuna aikinsu. Ta kai hannu, allurar ta zame. Ta sake, ta zame. Wata mai kaya ta leƙo ta ce, yau 'yar jami'a ba makaranta? Baba ya ce mata hutu take.

Matar ta tafi. Ƙafar Baba tana kan keken ɗinki, amma bai taka ba, bai kuma miƙa hannu ya taya ta ba. Auta ta cije leɓe, ta sake kai yatsun cikin farantin.