Balan-balan ɗin Oga Katung

"Ku ba shi allura mana," in ji abokina Uwaisu, bakinsa cike da naman suna. "Oga Katung, ga abokin gaba har cikin falo. Yau ba sai ka hau jirgi ba."

Wani jan balan-balan ne, cikin goman da na sayo a Peckham masu iskar tashi, ya kuɓuce ya je ya manne a silin. Ranar sunan 'yata Khadijatu ke nan, watan Yunin 1976, London ta yi zafi kamar Gusau. Falonmu na Camberwell ya cika da 'yan'uwana 'yan kwas da gwamnati ta turo, kowa da sabon agogo a hannu. Aka kwashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙara, domin ni na ba su labarin.

Oga Katung maƙwabcina ne, a flat ɗin ƙasa yake zaune tare da ƙanwarsa Dinatu, nas a babban asibitin unguwar. Mutumin kudancin Zariya ne, tsohon matuƙin jirgin yaƙi. Bai wuce arba'in ba, amma ciwon hanta ya tsotse shi, hannunsa na dama yana rawa. Ya karɓi allurar daga hannun Uwaisu, ya dube ta, ya soke ta a wuyan jaket ɗinsa. Sannan ya ajiye wa matata Zinatu rigar jariri da ya kawo, ya ce, "Allah ya raya." Na raka shi bakin ƙofa.

"Malam Maharazu, amsa bai zo ba?"

"Tukuna, Oga. Ka san halin Turawa."

Ƙarya nake yi, kuma mako bakwai ke nan ina yin ta.

A kan matakalar gidan ya ba ni labarin, wata ranar Lahadi da ya dawo daga coci ya zauna yana hutawa. Wajen ƙarshen yaƙin basasa, aka wayi gari da wani farin abu a can ƙololuwar sama, daidai kan barikinsu. Manya suka ce na leƙen asiri ne, a harbo shi. Aka tura Katung.

"Jirgi yana da iyaka, Malam," ya ce mini. "In ka kai wani wuri iska ya yi siriri, inji ya fara nishi. Abin yana sama da ni sosai. Sai na yi gudu, na ɗaga hanci, na cilla kaina sama kamar dutse. Shi yana tsaye, ni ina wucewa kamar walƙiya. Second biyu, uku, shi ke nan ka yi firing ko ka yi asara."

Sau uku ya tashi. Ya ƙone man da zai kai jirgi Legas ya dawo har sau biyu, ya ƙarar da harsasai kaf. Ya rantse ya same shi, ya ga hujin da idonsa. Amma abin bai fashe ba, ya ci gaba da tafiyarsa ya nufi gabas kamar mai zuwa kasuwa. Aka kafa kwamiti, aka ce ya yi ɓarnar dukiyar gwamnati a lokacin yaƙi. Aka raba shi da jirgi, aka mayar da shi sito yana ƙirga tayoyi.

"Ba wannan ke damuna ba," ya ce. "Tsohona maharbi ne. Da kibiya yake sauko da shaho. Ɗansa kuwa an ba shi jirgi ya kasa sauko da leda. Shekara bakwai bai yi mini maganar ba, ko sau ɗaya."

Abin da yake so ƙarami ne. Akwai Baturen da ya koya masa tuƙi, ya yi ritaya a Lincolnshire. So yake ya rubuta masa, ya tambaye shi ko akwai matuƙin da zai iya abin da aka ce shi ya kasa. In amsa ta zo, a aika wa tsohon a karanta masa. Hannunsa ba ya riƙe biro, ni kuwa ina da tafireta. Na buga masa wasiƙar ran uku ga Mayu, ya sa hannu da ƙyar, na zura ta a aljihun kwat ɗina na sanyi. Washegari gari ya yi ɗumi, na rataye kwat bayan ƙofa. Da ya tambaye ni, na ce, "Na yi posting tun jiya." Na yi niyyar kaiwa da yamma. Amma labarin ya fi wasiƙar saurin fita. A wurin cin abinci na ba Uwaisu shi, da gishiri da yaji, har da kwaikwayon nishin inji. Daga nan duk inda muka taru sai an ce in sake. Ni kuwa mutum ne mai son a yi dariya a maganata, wannan ciwona ne tun ina makaranta. Kullum na tuna da kwat ɗin sai in ce gobe, don kai wasiƙar yana nufin yarda cewa na yi ƙarya.

Kashegarin suna balan-balan ɗin ya sauko da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Zinatu ta tsince shi bayan kujera.

"Baban Khadija, abin da kuka yi wa bawan Allahn nan jiya bai kyautu ba. Mutum ya hau bene da ciwonsa ya zo mana barka."

 Na ciro wasiƙar daga kwat, na kai ta akwatin gidan waya na bakin titi.

Ran Juma'a aka kwantar da Oga Katung a asibiti. Na je duba shi da lemo a leda, wanda ko kallonsa ba zai iya ba. Idanunsa sun yi rawaya. An buɗe tagogin ɗakin saboda zafi, ana jin motocin bas suna wucewa.

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Oga."

Ya ɗaga ido ya dubi silin.

"Wata biyu fa. Mutumin nan ba ya ajiye wasiƙa. Ina ga shi ma kunya na yake ji, Malam. Ya koya mini, na je na zubar masa da mutunci."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki.  Sai na ji kaina ina cewa wataƙila Baturen ya yi tafiya. Ya gyaɗa kai, ya gode mini da wahalar da nake yi. Har yau in na tuna wannan godiyar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya rasu ran Litinin da hantsi, Dinatu tana riƙe da hannunsa. Mutanen cocinsu suka haɗu aka sa gawar a jirgi zuwa Kano. Uwaisu ma ya zo ta'aziyya, ya raɓe a gefe kamar ba shi ba.

Kwana uku da rasuwar, Dinatu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, tana sanye da farin kayan aikinta, da ambulan a buɗe a hannu. Ta ƙi zama.

"Karanta, Malam."

Shafi biyu ne da rubutun hannu. Baturen ya ce irin wannan balan-balan ba ya fashewa, domin a can sama iskar cikinsa ba a matse take ba. Ko ka huda shi sau ɗari, a hankali zai riƙa tsiyaya, ya yi kwanaki yana tafiya. Ya ce da shi aka tura da bai ko kusance shi ba, kuma wanda ya kai irin wannan jirgin inda har ya ga huji da idonsa, ba a sito ya kamata a ajiye shi ba. Ya ce yana alfahari da shi.

"Layin farko nake nufi," in ji Dinatu.

Na koma. Yana ba da haƙurin jinkirin kwana biyar, ya ce wasiƙar uku ga Mayu ba ta same shi ba sai ƙarshen Yuni.

"Daga Camberwell zuwa Lincolnshire wata biyu, Malam Maharazu? Kullum da safe Yaya yana fita ya duba ƙofa. Kullum."

Na faɗa mata komai, a gaban Zinatu, har da kwat ɗin, na nuna mata shi bayan ƙofa. Na so ta zage ni. Ba ta yi ba.

"Baba ba ya jin Turanci," ta ce. "Ka juya shi da Hausa, ka buga, Fasto zai karanta masa. Kada ka cire layin farko."

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya ta laluba aljihunta.

"Na ga wannan a jaket ɗinsa. Ina ga naku ne."

Ta sauka. Na jawo tafireta, na zura takarda. Khadijatu tana barci a bayan uwarta. Allurar tana kan tebur kusa da hannuna, da guntun farin zare a hancinta.